Baƙin Man Babur: A Karanta Galan Kamar Yadda A Ke Karanta Buhun Taki

Da can, in kaka ta yi, jaki ke kai amfanin gona kasuwa. Yanzu kuwa a ƙauyuka da yawa babur ya karɓi rabin aikin jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko kwandon tumatir daga fadama zuwa bakin titi, shi ke kai ɗan kasuwa Maigatari ran Alhamis, shi ke kai malamin ofis wurin aiki. In ciwo ya tashi da tsakar dare, shi ne motar asibiti. Amma akwai bambanci guda. Jaki in yunwa ta dame shi ya kan yi kuka, ubangijinsa ya ji. Babur ba ya kuka sai ɓarna ta riga ta auku.

Abincin babur iri biyu ne, fetur da baƙin mai. Fetur ba ya bukatar tuni, gama in ya ƙare babur ya tsaya nan take. Baƙin mai shi ne a kan yi wa sakaci. Mutum ya kan tsaya a bakin hanya ya ce, "Yaro, yi mini juye," ba ya ko tambayar irin da za a zuba. Wani ya kan ɗiga a yatsa ya murza, in ya ji kauri ya ce wannan ne na ƙwarai. To, yatsa ba ya gane mai.

Manomi ba ya sayen taki da ido. Ya kan juya buhu ya duba lamba. In ya ga 15-15-15 ya san kamfa ce, in ya ga 46 ya san yuriya ce, ya kuma san wadda a ke sa wa shuka da fari da wadda a ke bi da ita daga baya. Galan ɗin baƙin mai ma haka ya ke. Akwai alamu uku a jikinsa. Wanda ya san su ukun nan, ba mai sayar masa da abin da zai kashe masa inji.

Misalin maƙwabta biyu

A ɗauka ga manoma biyu masu noman rani a wajen Kura, ƙasar Kano. Sun sayi babur iri ɗaya a wata ɗaya. Na farko, duk sa'ad da zai yi juye, sai ya sayi galan mai hatimi irin wanda littafin babur ya ambata. Na biyu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, mai ai mai ne. Sai ya riƙa sayen na awo, wanda a ke ɗebowa daga duro a zuba a kwalba, ba suna ba lamba. Kowane juye ya kan rage 'yan kuɗi, ya yi murna.

Da farko ba wanda zai ga bambanci. Sannu a hankali na biyun ya fara jin ƙara a kan injin da safe. Sa'an nan hayaƙi shuɗi ya soma fita daga salansa. Ran da tumatir ya nuna, ya ɗaura kwanduna zai kai Kwanar Gafan, rana ta take, inji ya buga a tsakiyar hanya. Tumatir kuwa ba ya jiran bakanike. Kafin a sauke inji a sayo fistin da ringi, kasuwa ta tashi, kaya sun yi ruwa. Abin da ya tara na ragi bai biya ko ladan bakanike ba. Wannan misali ne kawai, amma ba bakaniken da bai ga irinsa ba. Araha ba ta ado.

Aikin da mai ke yi

Baƙin mai yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana kwashe zafi daga fistin. Yana wanke ƙurar hayaƙi ya riƙe ta a jikinsa har ran juye. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da silinda don kada ƙarfi ya tsere. Yana kuma hana tsatsa. Tataccen mai shi kaɗai ba ya iya duk waɗannan, sai masana'anta ta gauraya masa magunguna, kowanne da aikinsa. Magungunan nan su ne tsadar mai, ido kuwa ba ya ganinsu.

Man babur ya fi na mota shan wahala, saboda dalilai huɗu. Na ɗaya, mota tana da ruwan lagireto, amma yawancin baburan aiki iska kaɗai ke sanyaya su, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. Na biyu, ƙaramar mota ta kan sha wajen lita 4, ƙaramin babur kuwa wajen lita 1, watau ɗan kaɗan ne ke ɗauke da dukan aikin. Na uku, injin babur in an matsa masa ya kan juya sau 7,000 ko fiye a minti guda, mota a kan titi kuwa sau 2,000 zuwa 3,000 ya ishe ta. Na huɗu shi ne babba. A mota, man inji dabam, man giya dabam. A babur mai guda ne ke wanka wa inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Haƙoran giya suna tattauna shi, kuloci yana jiƙe a cikinsa. Saboda haka ba kowane mai kyau ne ya dace da babur ba.

Alama ta farko: kauri

A gaban galan za a ga SAE, sa'an nan lamba, kamar 20W-50 ko 10W-30 ko 40. SAE ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1905. Ita ta shimfiɗa tsarin auna kaurin mai da duniya ke bi.

Kowace uwargida ta san halin manja. Da hunturu ya kan daskare a kwalba, in ya hau wuta ya koma kamar ruwa. Baƙin mai ma haka ne, sanyi yana ƙara masa kauri, zafi yana tsinka shi. Mai lamba guda, kamar SAE 40, da sassafe ya kan yi nauyi, ya daɗe bai hau kan inji ba, a wannan ɗan lokaci kuwa ƙarfe na cin ƙarfe. Mai lamba biyu an yi masa magani. Lambar da ke tare da W tana nuna yadda ya ke gudana cikin sanyi, in ta yi ƙasa ya fi saurin gudu. Lambar baya tana nuna kaurin da ya rage masa sa'ad da aka auna shi a zafin digiri 100. Ba wai zafi ke ƙara masa kauri ba, a'a, tsinkewarsa ce ba ta kai ta wancan ba.

Mai alamar 20W a kan gwada shi a sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri. Irin wannan sanyi ba a yinsa a ƙasar Hausa, ko a Jos ma ba a yi. Don haka a nan lambar baya ta fi bukatar lura. Littattafan baburan aiki da yawa suna cewa 20W-50 ko 20W-40, waɗansu sababbi kuwa suna cewa 10W-30 ko 10W-40. Wanda ya ƙera inji shi ya san faɗin hanyoyin da mai ke bi a cikinsa, sai a bi littafinsa. In littafi ya ɓace, a tambayi dillalin kamfanin.

Akwai masu zaton kauri shi ne kyau. In inji ya fara ƙara sai su zuba man giyar mota, mai lamba 140, don ya yi shiru. Lalle zai yi shiru, amma famfon mai ba ya iya tura shi ta ƙananan hanyoyi, kan inji ya zauna a bushe. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Tsohon injin da ya saki a kan ƙara masa kauri mataki guda, in littafi ya yarda. In ƙarar ba ta daina ba, gyara ya ke so, ba mai ba.

Alama ta biyu: daraja

A bayan galan za a ga API da haruffa biyu. API cibiyar man fetur ce ta Amurka. In harafin farko S ne, man injin fetur ne. In C ne, na injin dizal ne, irin na tarakta da manyan motoci. Harafi na biyu shi ke nuna daraja, kuma gwargwadon nisansa daga A, gwargwadon ingancinsa. SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Mai alamar SA kuwa ba magani ko ɗaya a cikinsa, cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Duk wanda ya ga SA ko SB a galan, ya ajiye wa mai shago abinsa.

In littafi ya ce SL, to SL ko wanda ya zo bayansa ya yi, muddin alama ta uku tana nan. Ragowar man tarakta kuwa, wanda ba shi da alamar S, a bar wa tarakta.

Alama ta uku: kuloci

Wannan ita ce wadda mutane suka fi mantawa, ita ce kuwa ta babur ta kansa. Masu yin man mota sun riƙa ƙara masa wani magani mai ƙara santsi, don mota ta rage shan fetur. Ga mota abin kirki ne. Ga babur kuwa cuta ce, gama faifan kuloci aikinsa kamu ne, in santsi ya yi yawa sai ya riƙa zamewa. Saboda haka a 1998 hukumar ma'aunin motoci ta Japan, wadda a ke kira JASO, ta fito da gwaji na musamman don man babur. Ta raba shi biyu, MA da MB. A 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, MA2 shi ya fi kamu.

Babur ɗin da a ke taka wa giya da ƙafa, irin su Bajaj Boxer da Honda CG125 da 'yan uwansu na Sin, MA ko MA2 ya ke so. Har roba-roba, wanda ba shi da kuloci a hannu, kulocinsa yana ciki a jiƙe da mai, shi ma MA ne nasa. MB na ƙananan babura ne masu tafiya da bel, waɗanda ba a sa musu giya sam.

Alamar zamewar kuloci ba ta ɓuya. Mutum ya ɗauko buhu biyu, ya zo hawa, ya murɗa totur, inji ya yi ta ruri amma babur ba ya ja. In aka ci gaba a haka faifan ya ƙone. Wanda ya ga an rubuta Resource Conserving ko Energy Conserving a cikin da'irar API, ya sani na mota ne. Rubutun 4T a gaban galan yana nuna an yi shi don babur, amma duk da haka a juya a nemi JASO MA.

Masu noman rani su lura da abu guda. Injin ban ruwa, kamar Honda GX160 mai shan wajen mililita 600, ba shi da kuloci a cikin mai, don haka man mota ba ya cutarsa. Amma ragowar da ta saura bayan an yi wa injin ban ruwa juye, kada a ƙarasa ta a babur sai in tana da alamar MA.

Babur mai hayaƙi

Duk abin da aka faɗa a sama na inji mai bugu huɗu ne, watau 4T. Akwai kuma mai bugu biyu, irin su Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera bisa samfurinsa, da tsohuwar Vespa. Wannan yana ƙona mai tare da fetur, shi ya sa ya ke hayaƙi. Mansa dabam ne, a kan rubuta 2T, darajarsa kuwa JASO FB ko FC ko FD. FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi.

In aka zuba 4T a tankin 2T, ba ya ƙonewa sarai. Ya kan bar gawayi ya toshe fulogi da salansa, ya liƙe ringi. In kuma aka zuba 2T a cikin inji mai bugu huɗu, ba shi da ƙarfin riƙe aikin. Inda a ke haɗa mai da fetur da hannu, a auna, kada a yi kirdado. In littafi ya ce kashi 1 cikin 50, mililita 20 ke nan a litar fetur. In ya ce 1 cikin 25, mililita 40 ne. Kada kuma a manta, irin wannan babur yana da wani mai dabam a akwatin giya, shi ma yana son juye.

Jabu da na awo

Alamu uku ba su da amfani in galan ƙarya ya ke yi. Akwai masu tace tsohon mai su mayar a galan, akwai masu sayar da tsuran mai wanda ba a sa wa magani ba. A ido yana da kyau, a yatsa yana da santsi, amma kamar buhun taki ne da aka cika da yashi. A Nijeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya, man da aka haɗa a cikin ƙasa kuwa ya kamata a ga tambarin NIS a jikinsa. A Maraɗi da Damagaram rubutun galan ya kan zo da Faransanci, amma SAE da API da JASO ba su sakewa.

Mai saye ya duba hatimin murfi, ya duba lambar zubi da kwanan wata. Ya saya a gidan mai ko wurin dillali sananne. Ya tsaya a buɗe a gabansa, a zuba a gabansa. In galan ya ƙare ya huda shi, don kada wani ya cika shi da jabu ya cuci ɗan uwansa.

Mai iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda aka tace daga ɗanyen mai, akwai sintetik wanda aka harhaɗa a masana'anta, akwai kuma gamin gambizar su biyun. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi tsada. Amma ga babur ɗin ƙauye, na farkon ma ya wadatar in alamunsa uku sun cika, ana kuma juye shi kan kari.

Yaushe a ke juye?

A 1974 kamfanin Honda ya aika ma'aikatansa biyu su zaga ƙasashe kamar Tailan da Indunusiya da Iran da Pakistan, su ga yadda mutane ke riƙe da babura. Suka tarar ana ɗora musu kaya fiye da kima, ana barin mai har ya koma kamar kwalta, ba a zuwa wurin bakanike sai babur ya tsaya. Da suka koma gida aka ƙera CG125, mai jure wulaƙanci, ya fito a 1975. Injinan babura da yawa da ke yawo a karkara yau bisa samfurinsa aka yi su. To, juriya ba ta zama rashin mutuwa ba. Jaki ma mai haƙuri ne, amma in aka hana shi ruwa ya kan faɗi.

Yawancin irin waɗannan babura ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, sai 'yar rariyar ƙarfe. Datti ba shi da hanyar fita sai ran juye. Sabon babur a kan yi masa juyen farko da wuri, tsakanin kilomita 500 da 1,000 gwargwadon littafinsa, domin sabon ƙarfe yana zubar da ɓurɓushi. Bayan wannan a bi adadin da littafi ya faɗa, amma mai bin hanyar burji, da mai ɗaukar kaya, da mai aiki cikin ƙurar hunturu, su rage, kada su jira ya cika. In agogon kilomita ya mutu, a yi lissafi da kwanaki. Mai tafiyar kilomita 40 kullum ya ci 1,200 a wata. A rubuta ranar juye a littafin bashi ko a bangon zaure.

Kowane mako a kafa babur a miƙe a wuri mai daidai, a zaro ma'aunin mai, a goge, a mayar, a duba. Kada ya gaza zanen ƙasa, kada ya wuce na sama, gama yawansa ma ɓarna ne. Baƙi kaɗai ba laifi ba ne, alama ce mai yana wanki. Amma in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina in an ƙetare rafi, sai a juye shi ran nan. In yana warin fetur, a duba kafireto. In ana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, a nufi wurin bakanike. A yi juye sa'ad da inji ke da ɗumi, a wanke rariya, a kuma wanke matatar iska, don ƙurar da ta wuce ta cikin mai ta ke ƙarewa. Da safe a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali kafin a ɗora kaya.

Tsohon mai

Man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a fadama, yana ɓata ruwa yana kashe ƙasa. Kada a shafa wa dabba don kaska ko ƙazuwa, fata tana shansa, dabba tana lasa. Maganin wannan yana wurin malamin dabbobi. Kada a ajiye shi a jarkar man girki, a kuma nisanta shi daga yara. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

To, jama'a, maganar ba ta da tsawo. SAE don kauri, yadda littafi ya ce. API don daraja, S da harafi mai nisa. JASO MA don kuloci. Hatimi a rufe, juye kan kari. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya kwafe masa lambobin a takarda, ya riƙe a aljihu, ya gwada da galan a shago. Manomin da ke tsayawa ya karanta buhun taki, bai kamata a zuba wa abin hawansa abin da bai sani ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, ya dawo da shi da riba.